Daga Gagai Zuwa Filasta: Tarihin Neman Maganin Ƙarfin Maza

Gabatarwa

Kafin in shiga cikin magana, ina roƙon malamaina da sauran magabatana da za su ci karo da wannan maƙala su gafarce ni, domin batun da na ɗauko yana cikin abubuwan da Bahaushe ke jin nauyin faɗa a gaban manya. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A hutun da ya wuce na raka wani kawuna daga garinmu Damaga, ta ƙasar Maradun, zuwa cin kasuwar Talata Mafara. A bakin tasha muka iske wani mai magani ya ɗaura lasifika a kan mota, ya baje kwalabe da ƙulle-ƙullen gari a kan tabarma. Magidanta sun tsaya nesa-nesa kamar masu jiran mota, can sai ka ga ɗaya ya zame ya miƙa kuɗi, ya cusa ƙulli cikin aljihu ya wuce bai waiwaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne wata kalma da mai maganin yake ta maimaitawa, wai garin nasa yana ƙara “testostiron”. Da na koma makaranta sai na shiga bin diddigin kalmar, har bincike ya kai ni ga wata filasta da likitocin Amurka suka yi shekara 30 suna liƙa wa maza a fata. Tarihin wannan filasta, da abin da ya gabace ta a ƙasarmu da ƙasashen Turawa, shi nake so mu duba tare.

Abin da kakanninmu suka sani

Tun kafin a san wani abu wai shi sinadari, manomi da makiyayi a ƙasar Hausa sun san inda ƙarfin namiji yake zaune. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya ga yadda ake dandaƙe ɗan maraƙi in ana so ya yi sanyin hali ya ja garma, ya kuma san bambancin bunsuru da taure: wancan wari da faɗa da bin awaki, wannan kuwa ƙiba da natsuwa. Watau an san cewa in aka taɓa maraina, to, murya da hali da ƙirar jiki duk sai sun sake.

An san haka a jikin ɗan Adam ma. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000. Babanni su ne bayin da aka fiɗiye. Littafin ya kuma nuna cewa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba babanni muƙaman fada. Wanda aka yi wa wannan aika-aika tun yana yaro ba ya tsirar da gemu, muryarsa ba ta buɗewa, kuma ba ya haihuwa. Sarakuna sun amince musu da cikin gida da taska saboda ba su da ɗan da za su nema wa gado.

Malaman fiƙihu su ma ba su kau da kai daga matsalar ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukanmu, mijin da ya kasa kusantar matarsa ana ba shi jinkirin shekara guda ya nemi magani, in bai samu sauƙi ba matar tana da damar neman a raba auren. Ashe ke nan maganar ta wuce ta jin daɗi kawai. Aure ne da zuriya da mutuncin magidanci a idon dangi suke rataye a kanta.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da sana'ar maganin maza ta daɗe tana ci. Wanzamai da bokaye da 'yan magori kowa da nasa haɗin, na saiwa da sassaƙe da gari da ake barbaɗawa a nama ko kunu. Tsohon sunan irin wannan magani shi ne gagai, har akwai wani tsiro na daji da ake kira baƙin gagai. Dalilan ciwon kuma da aka fi ambata su ne sanyi, da basir, da yawan shan zaƙi, da sammu. Mai karatu ya riƙe sunan baƙin gagai, za mu sake gamuwa da shi.

Zakarun Berthold da bunsurun Brinkley

Abin da kakanninmu ba su gano ba shi ne hanyar da maraina ke bi su juya sauran jiki. Wanda ya fara buɗe wannan ƙofa wani malamin jami'a ne a garin Gottingen na Jamus, mai suna Arnold Berthold. A 1849 ya yi gwaji da 'yan zakaru shida. Waɗanda ya fiɗiye ya bari haka, zankonsu ya ƙanƙance, suka daina cara da faɗa. Waɗanda kuwa ya mayar musu da maraina ya dasa a cikin ciki, kusa da hanji, sai suka ci gaba da zama zakaru sosai. Da ya yanka su ya duba, sai ya ga dashen ya kama, hanyoyin jini sun shige shi, amma babu wata jijiyar saƙo da ta haɗa shi da sauran jiki. Nan ya fahimci cewa wani abu ne maraina ke zubawa cikin jini. Irin waɗannan 'yan aike na cikin jini su ne wani Baturen Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa suna homon a 1905.

Daga nan sai gaggawa ta shigo. A 1889 wani shahararren likita a birnin Faris, Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya tashi gaban taron masana ya ce ya niƙa marainan karnuka da na wasu ƙananan dabbobi, ya tace ruwan ya yi wa kansa allura, kuma ƙarfinsa na ƙuruciya ya dawo. Kafin a ce kwabo likitoci a Turai da Amurka sun kama yi wa mutane irin wannan allura. Shi kansa bai ƙara fiye da shekara biyar a duniya ba, ya rasu a 1894. A 2002 wasu masu bincike a Ostireliya suka sake haɗa ruwan yadda ya bayyana, suka auna, suka tarar sinadarin da ke ciki bai kai ko kusa da abin da zai yi aiki a jikin mutum ba. Dalili kuwa, maraina ba rumbu ba ne. Suna ƙera sinadarin suna sakinsa cikin jini nan take, ba sa tara shi. Ƙarfin da tsohon ya ji, yardar zuciyarsa ce ta ba shi.

Waɗanda suka biyo baya sun fi shi ɓarna. Daga 1920 wani likita mai suna Serge Voronoff ya riƙa dasa wa attajirai yankin marainan biri a Faransa. A Amurka kuma, a jihar Kansas, wani John Brinkley ya riƙa dasa wa manoma marainan bunsuru a kan dala 750 kowane mutum. A 1923 ya buɗe gidan rediyo nasa na kansa, yana wasa aikinsa dare da rana. Magori ke nan, wasa kanka da kanka. Mutane da dama sun mutu a hannunsa kafin a ƙwace masa takardar izinin aiki a 1930, ya kuma mutu a tsiyace a 1942. Da na karanta labarinsa sai lasifikar bakin tashar Mafara ta faɗo mini a rai.

Yadda aka kama sinadarin

Masu aikin haƙuri su suka ci nasara. A 1931 Adolf Butenandt na Jamus ya tace dubban litoci na fitsarin maza kafin ya samu ɗan abu ƙalilan na wani sinadari ɗan'uwan wanda ake nema. A 1935 ƙungiyar Ernst Laqueur a birnin Amsterdam ta Holan ta fitar da sinadarin kansa daga marainan bijimai, ta sa masa suna testostiron. A cikin wannan shekara dai Butenandt a nasa ɓangaren, da Leopold Ruzicka a Siwizalan, suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin bincike ba tare da an yanka dabba ba. An ba su biyun lambar Nobel a 1939, ko da yake gwamnatin Hitila ta hana Butenandt karɓa a lokacin.

Yanzu an san cewa jikin lafiyayyen namiji yana ƙera kimanin miligiram 5 zuwa 7 na wannan sinadari kowace rana. Ya fi yawa a jini da sassafe, ya ragu da yamma. Shi ke buɗe muryar yaro in ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina tsoka da ƙashi, ya motsa sha'awa. Kuma maraina ba su yin aikin da ra'ayin kansu. Akwai wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke aika musu umarni ta cikin jini. In ta ji sinadarin ya yi ƙasa sai ta ƙara umarni, in ta ji ya wadata sai ta yi shiru. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗin abin da zai zo a gaba.

Zuwan filasta

Samun sinadari daban, shigar da shi jiki daban. In aka haɗiye shi kamar sauran ƙwayoyi, hanta ce ke fara tare shi ta lalata mafi yawansa. Aka sake masa siffa don ya tsallake hanta, sai aka ga wannan sabon nau'in yana cutar da hantar kanta. Daga shekarun 1950 aka koma ga allura mai mai wadda ake yi duk bayan mako biyu ko uku. Ita kuma aibinta shi ne hawa da sauka: kwanakin farko sinadarin ya yi wa mutum yawa, kafin lokacin wata allurar ya yi kuma ya ƙare, sai kasala da ɓacin rai su dawo.

Mafita ta zo ta hanyar fata. A 1979 aka amince da filastar magani ta farko a Amurka, ta hana jiri da amai a tafiya. Filasta irin wannan tana ɗauke da magani a cikinta, yana tsatsafowa kaɗan-kaɗan ya ratsa fata ya shiga jini, bai bi ta ciki ba balle hanta ta tare shi. A 1993 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Testoderm, filastar testostiron ta farko. Ita a kan fatar maraina ake liƙa ta, domin nan ne fata ta fi saurin shan magani, kuma sai an aske wurin. Maza da yawa ba su so haka ba. A 1995 sai Androderm ta fito, wadda ake liƙawa a baya ko ciki ko cinya ko dantse. Da dare ake sa ta, don sinadarin ya kai ƙololuwa da safe kamar yadda jiki ya saba, a cire bayan awa 24 a sa wata a wani wurin, ba a komawa wuri ɗaya sai bayan kwana bakwai. Babban aibinta ƙaiƙayi ne da jan fata, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa.

A shekarar 2000 aka fito da AndroGel, wanda ake shafawa kamar man shafawa, ya ƙwace kasuwa. Shi ma da nasa haɗarin, domin yana iya gogewa a jikin mace ko yaro, har hukuma ta sa aka buga gargaɗi mai ƙarfi a kwalinsa a 2009. Filasta ta yi ta ja da baya, har kamfanin da ke yin Androderm ya daina yin ta a 2023. Yau mai neman wannan magani ya fi samun sa a allura ko na shafawa.

A tsakanin nan kuma tarihin Brinkley ya so ya maimaita kansa. Kamfanoni suka cika talabijin ɗin Amurka da talla, suna nuna wa duk magidancin da ke jin gajiya cewa sinadarinsa ne ya yi ƙasa. Cinikin AndroGel kaɗai ya haura dala biliyan ɗaya a shekara. A 2015 hukumar ta fito ta bayyana cewa an amince da maganin ne domin wanda wata cuta sananniya ta rage masa sinadarin, ban da raguwar da tsufa ke kawowa, wadda take kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara bayan mutum ya wuce shekara 40.

Wa ya cancanci maganin, kuma me zai biya?

Akwai mazan da suke da wannan rashi da gaske, kuma magani yana canza musu rayuwa. Daga cikin abubuwan da ke jawo shi akwai rauni a maraina, da hangum in ya kama namiji bayan ya balaga ya sauka ƙasa, da kuturta mai tsanani, da ciwon sikila, da ƙari a ƙwayar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da wata halitta da ake haihuwar wasu maza da ita. Ƙiba mai yawa da ciwon sukari su ma suna rage shi. Alamominsa mutuwar sha'awa, da raguwar gashin fuska da na jiki, da raunin tsoka da ƙashi, wani lokaci da kumburin nono. Amma likita ba ya yanke hukunci da alama kaɗai. Sai an ɗebi jini da sassafe, sau biyu a ranaku dabam-dabam. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka a 2018 ta sa iyaka a kan nanogiram 300 cikin kowace desilita ta jini.

Ya kamata a rarrabe abu biyu a nan. Rashin sinadari daban, rashin miƙewar gaba daban. Mafi yawan masu fama da na biyun sinadarinsu lafiya lau yake. Hanyoyin jini ne suka ƙuntata saboda hawan jini ko sukari ko taba, ko kuwa damuwa ce ta yi musu yawa. Irin wannan mutum ko an liƙa masa filasta goma ba a taɓa ciwonsa ba.

Sa'an nan maganin yana da farashin da ba na kuɗi ba. Yana sa jini ya yi kauri, shi ya sa ake auna jinin mai shan sa a kai a kai. Ba a ba mai ciwon dajin furostet, watau ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wani babban bincike da aka buga a 2023, a kan maza sama da 5,000, ya nuna bai ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma an fi samun rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu a cikin masu amfani da shi.

Farashin da ya fi shafar mu shi ne haihuwa. Mun ce ƙwayar ƙarƙashin ƙwaƙwalwa takan yi shiru in ta ji sinadari ya wadata. To, in aka zubo shi daga waje, ta filasta ko allura, sai ta ɗauka an gama aiki ta daina aika umarni, maraina su kwanta, su daina ƙera ƙwayoyin haihuwa, har su ƙanƙance. Tabbacin haka ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada testostiron a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A sakamakon da aka buga a 1990, an yi wa maza 271 a ƙasashe bakwai allura duk mako, kuma cikin wata shida kusan kashi biyu cikin uku ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu ba. Yawanci abin yakan dawo bayan watanni in an daina, amma wanda bai sani ba yaushe zai daina?

Na san wani magidanci a yankinmu da ya yi shekaru da aure babu haihuwa. Wani mai kantin magani ya riƙa yi masa wannan allura wai don ya ƙara ƙarfi. Ya ji kuzari ƙwarai, saboda haka ya tabbatar wa kansa da danginsa cewa laifin ba nasa ba ne, matar ta sha gori har ta koma gidansu. Sai da ya je babban asibiti aka auna shi kafin ya ji cewa abin da yake saye da kuɗin gumin gonarsa yana toshe ƙofar da yake son buɗewa.

Mu koma gida

Na yi alkawarin za mu sake gamuwa da baƙin gagai. Masana tsirrai suna kiran sa Fadogia agrestis. A 2005 Musa Yakubu da abokan aikinsa na Jami'ar Ilori suka buga binciken da ya nuna ruwan karansa ya ƙara testostiron a jinin ɓeraye. A 2008 su ɗin dai suka buga wani da ya nuna alamun lahani a marainan ɓerayen da aka daɗe ana ba su. Labarin farko ya yi tafiya, na biyu ya tsaya a gida. Yau ana ɗura garin baƙin gagai cikin kwanso ana sayar wa samarin Amurka ta intanet, bisa hujjar da aka samo daga ɓeraye. Su suna sayen gagai ɗinmu, mu muna aron kalmarsu, kowa yana ganin na wancan ya fi nasa.

Akwai kuma abu biyu da suka shigo mana a wannan zamani. Na ɗaya, tun da Viagra ta fito a 1998, an sha kama magungunan da ake kira na gargajiya an cakuɗa su da sinadarinta a ɓoye, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kan magungunan ƙarin kuzari marasa rajista. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya. Na biyu, tiramadol da kodin, waɗanda wasu samarinmu ke sha don jure aikin gona ko don daɗewa a shimfiɗa, suna cikin dangin magungunan da ke danne testostiron in an daɗe ana shan su. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Saurayin da ya ɗauki ƙwaya don ya zama namiji, ita ce ke zare masa mazakutar a hankali.

Kammalawa

In mun duba wannan tarihi daga zakarun Berthold zuwa filastar 1995, za mu ga mutane iri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai masu aunawa, akwai masu shela. Brown-Séquard babban masani ne, amma ranar da ya gaskata abin da jikinsa ya gaya masa ba tare da awo ba, ya zama ɗaya da mai lasifika. Ban ce a raina ilmin kakanninmu ba, domin sun ga gaskiya a jikin taure da takarkari tun kafin Turawa su ba ta suna, kuma tsirranmu sun cancanci a bincike su da kyau a jami'o'inmu. Abin da nake cewa shi ne, magidancin Damaga ko Bakura ko Mafara da ya ji jikinsa ya sake, kuɗin motar zuwa babban asibiti a Gusau ko Sakkwato a auna masa jini da sukari da hawan jini ya fi masa arha a kan ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba. In kuwa haihuwa ake nema, a auna miji kamar yadda ake auna mata kafin a ɗora wa wani laifi.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aiki a gabanmu. Muddin babu bayanin waɗannan abubuwa cikin harshen da manomi yake ji, to, mai lasifika ne kaɗai zai riƙa fassara masa kalmar testostiron. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, amin.